Asabar a lambun tsirrai

Yanzu na cire ƙafafuna daga ruwan ɗumi, kuma sai na rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni. Tun da sassafe muka fita ni da ƙanwata, don mu riga rana isa lambun tsirrai, tunda zafin kwanakin nan ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Abin da ya kai ni shi ne lungun nan na bayan ɗakina. Sau uku ina dasa lafenda, wata shuka mai ƙamshi, a wurin, sau uku tana mutuwa a hannuna: ganye ya yi laushi, gindi ya yi baƙi, in tuge in tarar saiwa ta ruɓe. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Na tafi da ɗan littafi da biro, da niyyar in rubuto sunayen furanni masu kyau in zo in gwada.

Awa ɗaya ta farko haka na yi ta yi, duk abin da ya burge ni sai in duƙa in kwafi sunansa. Kowane tsiro da ɗan allonsa a gindi, ɗauke da suna mai kalma biyu na Latin, tsarin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya daidaita a 1753. Sai da na cika shafi biyu kafin na lura da wani abin da ke jikin allunan, wato asalin inda tsiron ya fito. Wannan daga duwatsun gefen Bahar Rum, wancan daga dazuzzukan Amazon, wani daga hamadar Meziko. Ashe ba don ado kaɗai aka fara irin waɗannan lambuna ba. Na birnin Padua da ke Italiya, wanda aka kafa a 1545, an yi shi ne don ɗaliban likitanci su ga tsirran magani da idonsu.

Ɗakin gilashi ne ya fi riƙe mu. Kana shiga tururi zai dake ka a fuska, gumi ya karyo. A tsakiya akwai tafki, a kansa kuma badon nan na Amazon, ganyensa shimfiɗe kamar manyan faifai, bakinsa a tanƙware sama. Yakan kai kusan mita 3 a faɗi. An kifa ganye ɗaya a gefe don mutane su ga ƙasansa, na tsuguna na daɗe ina kallo: jijiyoyi masu kauri sun sarƙe kamar saƙar raga, ga ƙaya ko'ina. Furensa da dare yake buɗewa, fari fat, yana ɗumi da ƙamshi har ƙwari su shige ciki. Sai ya rufe da su, dare na biyu ya sake buɗewa ya zama ruwan hoda, ya sake su da garin fure a jikinsu. Mun tarar da ɗaya a tsuke. Wallahi na so a ce ana kwana a wurin.

Bayan mun huta a inuwa muka gangara sashen tsirrai masu jure ƙarancin ruwa. Nan na yi turus. Ga lafenda jere, kowace ta yi kumbo har gwiwata, ƙudan zuma sun yi mata caa, alhali ƙasar da take ciki tsakuwa ce zalla, rana kuma na dukanta ba ko inuwar kara. Wani dattijo ma'aikacin wurin yana aske busassun kawuna da almakashi.

Na ce, “Sannu da aiki, Baba. Don Allah me kuke zuba mata?”

Ya ce, “Yauwa 'yata. Ba ma zuba mata komai. Lafendarki tana mutuwa ne?”

Na ba shi labari tun daga farko. Bai katse ni ba, sai da na gama ya tambaye ni awa nawa rana ke yi a wurin. Na yi shiru, don ban taɓa ƙirgawa ba. Ya tambayi sau nawa nake ban-ruwa, na ce safe da yamma. Ya girgiza kai, ya ɗebo ƙasar a tafinsa ya matse, ya buɗe hannu ta wargaje. Ya ce in koma in gwada tawa, idan ta dunƙule ta yi sheƙi to yumɓu ce, tana riƙe ruwa, saiwa kuwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Ya sa na murza ganyen. Siriri ne, launin toka, da ɗan gashi-gashi, duk don ya rage asarar ruwa a cikin rana. Ya ce tana son aƙalla awa 6 na rana tsaye, kuma kada in ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasa ta bushe.

Raina ya sosu ƙwarai da na gane da hannuna na yi ta nutsar da su, ina ganin kulawa nake yi.

Shi ya nuna mana hanyar sashen inuwa, ƙarƙashin manyan itatuwa, inda ƙasa ke lulluɓe da ruɓaɓɓen ganye. Na kau da ganyen da yatsa, na ji sanyi da danshi duk da wannan rana. Tsirran wurin faɗin ganye gare su, kore shar, ba su damu da fure ba. A bakin wata 'yar magudana na ga na'a-na'a ta yi dandazo, amma a cikin tukwane aka binne ta, saboda idan aka sake ta saiwarta kan bi ƙasa ta mamaye ko'ina. Wannan danshin da wannan inuwar, sak lunguna.

A mota ƙanwata ta yi barci, ni kuwa na bi shafukan nan biyu ina sokewa. Suna huɗu suka rage. Da muka iso ban ko ajiye jaka ba na zagaya baya na damƙo ƙasar lungun, ta dunƙule a hannuna tamkar ta ginin tukunya. Na'a-na'a za ta shiga nan, cikin tukunyarta. Lafenda kuma zan sake gwadawa sau ɗaya, a kasko mai huji da yashi da tsakuwa, a bakin ƙofa. Na ajiye gawayi a kan taga. Gobe daga ƙarfe 6 na safe, duk bayan awa ɗaya zan fita in zana inda inuwar katanga ta tsaya.