Kafin in miƙa mabuɗan ofis

A ƙarshen wannan wata zan ajiye aikin malamin gona, kuma abokan aiki sun nemi in rubuta wani abu domin matasan da ke shigowa. Abin da zan bar musu tambayoyi ne da suka daɗe suna cin raina, kuma mafi nauyinsu ta samo asali daga wani shugaba da na yi aiki a ƙarƙashinsa, wanda har yau in na tuna shi sai zuciyata ta sosu.

A lokacin muna tafiyar da tsarin jinginar amfanin gona a wasu ƙauyuka na gundumar Gidan Runji da ke jihar Maraɗi ta Nijar. Da kaka, sa'ad da tiyar wake ba ta da daraja, manoma kan zuba amfaninsu a mangaza, asusu ya ba su bashi gwargwadon abin da suka ajiye, a sa kwaɗo biyu a ƙofa, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun asusu, ba a fitar da kaya sai farashi ya tashi gab da damina. Tsarin gaba ɗaya ya rataya ne a kan a tarar da kayan yadda aka bar su, kuma kowa ya san gero yana jure ajiya, wake kuwa ba ya jurewa. Shi ya sa muka nemi a sayo buhunan PICS masu ninki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka shiga yaɗa su a ƙasashenmu daga 2007. In an ɗaure bakin kowace leda da kyau iska ba ta shiga, ƙwaro yakan mutu ba tare da an zuba magani ba. Shugabanmu ya ce sun yi tsada, ya sa aka sayo buhuna na yau da kullum daga wani ɗan kasuwa wanda shi kaɗai ya san dalilin zaɓensa.

Mai kula da mangazar matashi ne da bai daɗe da gama karatu ba. Ranar da aka haɗa mabuɗan biyu domin duba kaya, ya tarar da gari a gindin buhuna, ya rubuta rahoto, bai sami amsa ba. Sai ya ƙunso wake a leda ya zo da shi taron ma'aikata, ya zazzage a kan farar takarda. Kusan kowace ƙwaya da huda a jikinta, ƙwari suna yawo a tsakaninsu. Ya ce, «Ranka ya daɗe, in an sake buhuna a wannan mako, za a ceci mafi yawansa.» Shugaban bai ko sunkuya ya duba ba, ya ce, «Kai yaro, yaushe ka fara aiki da har za ka koya mini ajiyar wake? Kwashe wannan ƙazanta daga teburina.»

Da aka buɗe mangaza waken ya lalace, aka sayar da shi da asara, bashi kuma yana nan a wuyan masu shi. Na san matan da suka rabu da jar akuyarsu domin su biya asusu. Rahoton da aka aika wa masu ba da tallafi ya ce sakacin mai kula da mangaza ne ya jawo haka, kuma ba a sabunta kwantaragin yaron ba. Na ɗauki kwafin takardarsa, da kwanan wata da hatimin ofishinmu a kai, na shiga wurin shugaban na ce, «Ranka ya daɗe, yaron nan ya faɗa tun da wuri, ga shaida.» Amsar da na samu ita ce takardar canja mini wurin aiki zuwa Dakoro. Mutanen Dakoro sun riƙe ni da mutunci, ban yi nadamar zamana a can ba, amma na san abin da ya kai ni.

Tambayar da nake so duk wanda aka ɗora a kan mutane ya yi wa kansa ita ce: idan na ƙasa da ni ya kawo mini labarin da ba na son ji, me ke samunsa? Bayan abin da ya sami yaron nan, kowa a ofis ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Rahotanni suka riƙa zuwa tas, ko ina lafiya lau, iri ya tsira, mata sun halarci taro, bashi yana dawowa. Shugaban ya ɗauki wannan a matsayin shaidar iya jagorancinsa, alhali ya rufe wa kansa hanyar sanin abin da ke faruwa a karkara, kuma manoma ne suka ci gaba da biyan kuɗin rashin saninsa. Akwai kuma tambaya ta biyu da ke manne da ita: sunan wa ke hawa takarda in aiki ya yi kyau, sunan wa kuma ke hawa in ya ɓaci? A ganina, wanda ya sa hannu a takardar sayen buhu shi ya kamata ya fara tsayawa gaban manoma.

Na san ana iya shugabanci ba haka ba domin na gani da idona. Dattijon da ya fara koya mini aiki a yankin Agye yana cikin waɗanda suka yaɗa sassabin zamani, dabarar da ta kankama a jihar Maraɗi tun 1983, inda manomi ke barin kututturen gawo ko kalgo ko sabara ya sake tohowa, ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya rage sauran. Haka yake renon mutum: ya duba abin da ke jikinka mai amfani, ya ba shi fili, ya dawo ya sake dubawa. In mun je gaban maigari ni yake sa wa in fara magana, kuma bai taɓa gyara mini a gaban jama'a ba. Sai mun kama hanya yake cewa, «Ɗana, ka yi bayani mai kyau, amma ka amsa tambayar da ba a yi maka ba, ka bar wadda tsohon nan ya yi.» Wa nake ba wa fili ya yi magana kafin ni? Wa zai iya riƙe aikina in na tashi? Da waɗannan na riƙa auna kaina, kuma ina godiya ga Allah cewa cikin waɗanda suka yi koyon aiki a hannuna akwai masu riƙe da sassa a yau, ba kuma wanda ya taɓa jin tsoron shigo mini da mummunan labari.

Sauran darussan gajeru ne. Ka ajiye kwafin duk takardar da ka rubuta. Kada ka yi wa manomi alkawarin irin da bai iso mangaza ba. Kada ka kira taron mata lokacin daka.

Yaron nan yanzu yana sayar da kayan gyaran babur a kasuwar Maraɗi, shugaban kuwa an ƙara masa girma daga baya, kuma ba wanda ya gyara wancan rahoto. A cikin takardun da zan miƙa wa wanda zai gaje ni na saka kwafin gargaɗin da yaron ya rubuta, tare da wasiƙa mai ɗauke da sa hannuna, ina neman a haɗa su da rahoton a fayil ɗaya, a kuma sanar da yaron a rubuce cewa an wanke shi.