Ƙarfe biyu na rana a filin ƙwallon raga

Lokacin da na kama aiki a sashen wasanni na wata jami'a a nan jihar Kebbi, ni kaɗai ce mace a ofishin, kuma abin da aka damƙa mini shi ne "harkar mata". Na ɗaura ɗamara. Na manna sanarwa a ƙofar hostal, na bi ɗaki-ɗaki ina kiran 'yan mata su fito atisayen ƙwallon raga. Ranar farko huɗu suka zo. Da mako ya zagayo, biyu.

Raina ya ɓaci, har na faɗa a gaban abokan aikina cewa yaran nan ba su da himma. Suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce, "Ai mun faɗa miki, Malama, matanmu ba su son wasa." Har yau wannan magana tawa tana ci mini rai, domin da bakina na ba su hujjar da suka daɗe suna riƙe da ita.

Wata 'yar aji biyu ce ta farkar da ni. Ta same ni a bakin sito ina ƙirga ƙwallaye, ta ce, "Anti, don Allah ki taɓa simintin filin nan da hannunki." Na durƙusa na ɗora tafina, ban iya barinsa ya daɗe ba. Watan Afrilu ne, kuma duk wanda ya san Kebbi ya san zafi yakan haura digiri 40 a wannan lokaci. Ta nuna mini kambas ɗinta, ƙasansa ya fara saki. Sannan ta nuna hanyar da ta bi ta gefen filin, inda samari ke zama wurin mai shayi, babu katanga, babu ko zana. Babu ɗakin canza kaya, babu famfo kusa. A jadawalin da ke manne a bangon ofishinmu, wanda nake wucewa ta gabansa kullum, an ba mata daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. Maza kuwa daga bayan la'asar har magariba, lokacin da rana ta yi sanyi kuma an gama lacca.

Ba mugu ne ya rubuta jadawalin ba. Mutane ne da su ma da yamma suke buga ƙwallo, suka ɗauki lokacin da ya yi musu, suka bar ragowar. Babu mace a wurin da za ta ce a dakata. Na nemi a ba mu yammaci biyu a mako, aka yi ta ja-in-ja kusan zango guda, domin 'yan ƙwallon ƙafa da na kwando kowa yana ganin an taɓa masa gado. Da aka amince, muka kewaye gefen hanya da zana kafin a samu kuɗin bulo. Ban sake manna wata sanarwa ba, filin ya cika da kansa.

Darasin kuɗi ya fi wannan ɗaci. Ana shirin wasannin share fage na NUGA, gasar jami'o'in Najeriya da aka fara a Ibadan a 1966, aka kira taron kwamiti. Shugaban taron ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Hajiya, ki taimaka ki duba mana abincin baƙi." Na tashi, domin haka aka rene mu, babba ya sa ka aiki ka tafi. Kafin in dawo da kuloli an gama kasafi. Jesin maza da takalmansu kowanne da layinsa da adadinsa. Kayan mata an cusa su ƙarƙashin "sauran buƙatu", kuma da kuɗi suka gaza, nan aka fara yanka. A shekarar 'yan matanmu ba su je ko'ina ba.

Wata dattijuwa a ofishin kuɗi, wadda ta kusa ritaya, ta ga ina share hawaye a baranda. Ta ja ni gefe ta ce, "Ɗiyata, abin da ba a rubuta ba, ba a biya nai. Ki koyi takarda." Ita ta koya mini yadda ake rubuta takardar neman kuɗi, yadda ake haɗa farashi daga 'yan kasuwa uku, da yadda ake bin fayil daga tebur zuwa tebur har a sa hannu. Na san kuɗin raga, na usur, na man motar bas zuwa da dawowa, da alawus ɗin kwana na kowace ɗaliba. A taro na gaba da aka sake ambaton abinci, na ce, "Ranka ya daɗe, na riga na sa masinja, ni ina da takarda a kan sashe na uku." Na zauna har aka tashi.

Daga baya na gane wannan ba matsalarmu ce mu kaɗai ba. A Amurka an yi doka a 1972 da ta hana bambanta maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, wasannin mata suka bunƙasa ƙwarai. Amma kafin dokar, sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙungiyoyin mata a jami'o'insu mata ne ke horar da su. Da albashi ya yi kauri, adadin ya faɗo ƙasa da rabi. Shi ya sa ban yarda da masu cewa da zarar 'yan mata sun cika fili an gama ba. Su wa ke riƙe da usur, su wa ke sa hannu a takarda?

Iyaye kuwa, na same su ba kamar yadda ake ba da labarinsu ba. Akwai yarinyar da ta fi kowa iya dukan ƙwallo a ƙungiyarmu, ta ce mahaifinta ba zai bar ta ta yi tafiya ba. Na shiga mota na same shi a garinsu, ya dawo daga fadamar shinkafa, ƙafafunsa duk laka. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura. Na zo da dogon bayani a kan lafiyar jiki da sunan jiha, amma bai buƙace shi ba. Tambaya uku ya yi: "Malama, wa za ya tafi da ita? Ina za ta kwana? Mi za ta sa?" Na ce, "Baba, ni zan tafi da ita, ɗakinmu ɗaya, ga kuma kayan." Na fito da dogon wando, riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi mai kama kai. Ya juya su a hannunsa, ya kira mahaifiyarta ta gani. Na gaya musu cewa hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta halatta rufe kai tun 2014, ta ƙwallon kwando kuma a 2017. Ya yi shiru, can ya ce, "Amana ce na ba ki." Ina ganin da namiji aka tura, ko da ya fi ni iya magana, amsar tambaya ta biyu za ta gagare shi.

Amma mace ɗaya ba ta isa ba, kuma na kusa karya kaina kafin in yarda. Ni ce koci, ni ce mai rakiya, ni ce mai bin fayil, ga gida ga yara. A nan na tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu. Ba ita ta riƙa bin kowane ƙauye ba. Ta horar da jajis, wato mata malamai masu jagoranci, ta naɗa musu malfa, su suka kai karatu ga 'yan taru, matan da ke taruwa ɗaukar karatu, a garuruwansu. Sai na naɗa kyaftin a kowane ɓangare na hostal, na ba kowacce littafin rajista da makullin akwatin ƙwallaye. Na fara shiga da biyu daga cikinsu taron kwamiti, su zauna a baya su ji yadda ake yanka kuɗi. Waɗanda suka nuna sha'awa na tura su kwas ɗin alƙalancin wasa.

A 2024, da koci Rena Wakama ta kai D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Paris, abin da wata ƙungiyar ƙwallon kwando daga Afirka ba ta taɓa yi ba, ta maza ko ta mata, mun bi wasannin tare da wasu ɗalibai a waya. Na lura ba 'yan wasan kaɗai suke kallo ba. Idonsu na kan matar da ke tsaye a bakin layi tana ba da umarni, wadda ita ce mace ta farko da ta horar da ƙungiyar, ta kuma ci kofin Afirka a Kigali a 2023.

A farkon zangon nan, ɗaya daga cikin kyaftin-kyaftin ɗin ta shigo ofis da takarda a hannu. Ta lissafa raga biyu, ƙwallo shida da gyaran famfo, kowanne da farashi daga shago uku. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya, tana neman a mayar da atisayen 'yan ƙwallon hannu mata zuwa bayan la'asar ranar Laraba. Na gyara mata kwanan wata, na ce ta kai wa sakatare da kanta, ta tsaya har ya buga hatimi a kwafinta.