Manjagarar tarakta a garkarmu ta hanyar Mirya

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana garka a hanyar Mirya, garin da ke kilomita 18 gabas da Damagaram. Mangwaro ne da gwaba da lemun tsami a ciki, ya kuma kewaye ta da turare da dogon yaro don su tare iska. Sun tare kuwa. Sai dai duk rani ganyen turare yakan zube ya taru a gindin danga har ya rufe idon sawu. Ganye ne mai maiƙo, ba ya ruɓewa da wuri, dabba ba ta damu da shi ba, wuta kuma na son sa. Shekara biyu da suka wuce aka ƙone kara a wata gona kusa da mu, iska ta ɗauko tartsatsi, muka rasa danga da mangwaro uku da mahaifinmu ya dasa da hannunsa. Har yau in na bi ta wajen kututturan nan raina yakan sosu.

Shara da hannu tana cin mutum huɗu kusan mako guda, kuma kafin su kai ƙarshen danga farkon ya sake cika.

Ƙanena da ke Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, inda ƴan Nijar suke da yawa, shi ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Ya ce, "Yaya, dubi yadda suke yi a nan." Can suna da itacen fayin, wanda ganyensa siriri ne dogo kamar allura. Yana zuba ya shimfiɗu a ƙasa kamar tabarma, shi ma yana jinkirin ruɓewa, shi ma abincin gobara ne. A Kalifoniya doka ce ma ta wajabta wa mai gida a yankin da daji ke kamawa da wuta ya share kewayen gidansa har ƙafa 100, wajen mita 30. A Karolina da Jojiya kuwa tara ganyen ake yi a ɗaure dami-dami a sayar wa masu shimfiɗa shi a gindin furanni. Abin tarawar wata faffaɗar manjagara ce, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, da ake rataya wa a hannuwa ukun nan na ƙarfe da ake ɗaura kayan aiki a bayan tarakta.

Ina gani na ce ai wannan mai walda zai yi mini. Na kai masa bidiyon, muka sayi rodi, ya ƙera mini ita cikin kwana uku, na ɗauko hayar wata tsohuwar tarakta Massey Ferguson.

Kuskuren nawa ne, don ni na zaɓi rodin. Ban lura ba cewa manjagarar bayan tarakta iri biyu ce. Akwai mai haƙora masu kauri da tauri, wadda aikinta baje tsakuwa da kwashe duwatsu da daidaita fili. Akwai ta ganye, mai siraran haƙora da aka naɗe gindinsu kamar sifirin, in sun ci karo da saiwa ko dutse sai su lanƙwashe su wuce su dawo yadda suke. Tawa ta rodi ba ta san lanƙwasa ba. Ta tara ganyen, amma ta haɗa da ƙasar sama, ta tsinke ƙananan saiwoyin lemu, ta fizgo tiyon ban ruwa wuri biyu. Ƙasarmu jigawa ce. Da iskar hunturu ta taso da hantsi, ina tsaye ina kallon ƙasar garka tana tashi tana tsallake danga.

Dattijon da ke kula da garkar tun zamanin mahaifinmu bai ce komai ba sai da direba ya kashe injin. Sannan ya duƙa ya tona inda ba a share ba, ya ɗebo ƙasa baƙa mai sanyi ya zuba mini a tafi. Ya ce, "Ɗana, wannan ganye ne ya yi ta. Ka kwashe wanda ke kiran wuta, ka bar mata sauran." Na ce, "Na ji, Baba."

Mu a nan bai kamata a koya mana wannan ba. Duk wanda ya bi hanyar Matamaye ko Magarya ya ga gonaki cike da gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina ya bar hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Tun daga shekarun 1980 manoman Damagaram da Maraɗi suka riƙa barin tsiron itace a gona suna sassabe shi, har aka ƙiyasta fili ya farfaɗo kusan hekta miliyan 5. Ni da na tashi cikin wannan, sai ga ni ina kankare ƙasata saboda bidiyon minti biyu.

Ban yar da shawarar ba, gyara ta na yi. An samo mini haƙoran injin tara ciyawa daga Kano, masu sifirin, mai walda ya cire rodin ya ɗaura su da ƙusoshi yadda in ɗaya ya karye za a sauya shi kaɗai. Yanzu direba yana sauke manjagarar har bakin haƙoran ya taɓa ƙasa kawai, ya daidaita sandar sama, wato hannu na sama cikin ukun nan, yadda haƙoran za su kwanta kaɗan su riƙa jan ganye ba tono ba. Giya ta ƙasa, tafiyar mai ƙafa. In ta cika ya ɗaga, tsibin ya zauna, ya ci gaba. Muna farawa bayan sallar asuba mu tashi kafin iska ta motsa, kuma muna kafa tsinke a kan layin tiyo.

Gefen danga, kewayen ɗakin ajiya da wurin injin ban ruwa kaɗai tarakta ke bi. Aikin mako ya koma na safiya biyu. Gindin mangwaro da lemu, Baba mai kula da garka ne da manjagarar hannu, yana jawo ganyen nesa da jikin itacen kaɗan saboda gara.

Abin da aka tara ba ma ƙonawa. Na dogon yaro yana shiga ramin taki tare da kashin awaki, ana yayyafa masa ruwa. Na turare mun ware masa nasa rami a ƙuryar yamma saboda jinkirinsa. Wanda muka zuba bara, da Baba ya tona shi makon jiya, ƙasansa ya yi baƙi amma samansa yana nan da ƙamshinsa, sai muka mayar muka rufe.