Shayin Ingila: Abin Da Na Sha Daga Landan Zuwa Harrogate

Kofin shayin farko da na sha a Ingila ɗan yayata ne ya haɗa mini shi, a gidansa da ke kudancin Landan, ko takalmi ban gama cirewa ba. Watan Nuwamba ne, ƙarfe huɗu da rabi na yamma har an yi magariba, ga wani sanyi mai shiga ƙashi. Ya danna butar lantarki, ya jefa ƙullin ganyen shayi cikin kofi, irin wanda mu a gida muke kira lifton ko da wane kamfani ne ya yi shi, ya tsiyaya ruwa, ya matse ƙullin da cokali a jikin kofin, ya tsamo, ya ɗiga madara mai sanyi daga firji. Aikin duka bai kai minti ɗaya ba.

"Kawu, bismillah. Sukari cokali nawa?"

Na kurɓa. Launi ya yi, zafi ya yi, amma bakina bai ji komai ba sai ɗan bauri a ƙarshen harshe. A saman kofin kuma ga wata yana mai ƙyalli tana yawo. Ban ce uffan ba, don baƙo ba ya kushe abin da aka tarbe shi da shi, amma raina ya sosu. Ni mutum ne da ya tashi a gaban teburin mai shayi, na san haɗin kauri, na san ruwan bunu mai citta da kanumfari, na zauna da Buzaye an dafa na farko da na biyu da na uku a kan gawayi. Tun ina yaro nake jin cewa Turawan Ingila su ne sarakunan shayi. To wannan ne shayin sarakunan?

Kwana biyu ban ce komai ba, ina dai kallo. Abin da na fara ganewa shi ne mutanen nan ba su ɗauki shayi abin karin kumallo ba kamar mu. Da shi suke buɗe kowace magana. Mai gyaran famfo ya zo gidan, kafin ya buɗe jakar kayan aikinsa matar gida ta tambaye shi ko zai sha, ya ce da madara da sukari biyu. Suna ma da sunan irin wannan haɗin, shayin magina, mai ƙarfi da duhu. Ɗan yayata ma'aikacin jinya ne, ya ce a asibitinsu idan za a faɗa wa dangi labari marar daɗi, abu na farko da ake yi shi ne a ɗora buta. Ƙungiyar masu harkar shayi ta ƙasar tana cewa ana shan kofi kusan miliyan 100 a kullum, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 da ɗan ƙullin nan ake haɗa shi. Nasu ƙullin ma ba shi da zare irin namu, kuma ya fi namu cika: kwali mai guda 80 yakan kai giram 250.

A rana ta uku na kasa haƙuri, na buɗe murfin butar na leƙa. Gindinta ya yi farin ɓawo kamar an shafa farar ƙasa.

"Kai, wannan fa?"

"Ruwan Landan ne, Kawu. Alli ne da shi. Ko yau na kankare, bayan sati biyu zai dawo."

Ƙasar kudu maso gabashin Ingila a kan dutsen alli take, ruwan da ke ratsa ta yana ɗebo shi. Wannan allin ne yake haɗuwa da sinadaran ganye ya yi yanar da na gani, shi ne kuma yake dakushe ƙamshi. Na samu mai laifi na farko, kuma ba ganyen ba ne.

Washegari na shiga gari. A titin Strand, daura da babbar kotun ƙasar, akwai shagon Twinings mai lamba 216, inda Thomas Twining ya fara sana'a a 1706. Siriri ne ƙwarai, mutum biyu da ƙyar suke gittawa, a saman ƙofar ga gunkin zaki mai ruwan zinare tsakanin mutanen Sin biyu. A can ƙuryar shagon aka ɗanɗana mini ganyen Asam da na Darjeeling, yankuna biyu na ƙasar Indiya, ganye sosai da za ka ɗauka da yatsa ka ga siffarsa. Na Darjeeling ba madara ba sukari, amma ƙamshinsa ya daɗe a hancina har na fito titi. Daga nan na bi kogin Thames zuwa Greenwich na ga Cutty Sark, jirgin ruwa mai filafilai da aka ƙera a 1869 don tseren kawo sabon ganye daga Sin. A shekarar ce kuma aka buɗe mashigin Suez, jirage masu tururi suka ƙwace cinikin, shi kuwa ya koma jigilar ulu daga Ostareliya. Na tsaya a ƙarƙashin cikinsa ina tunanin watanni uku zuwa huɗu da mutane ke yi a teku saboda ganyen da yanzu ba a iya jira masa minti huɗu.

Kada mai karatu ya zaci a da can komai garau yake. Lokacin da harajin shayi ya kai kashi 119 cikin 100, fasa-ƙwauri ya cika gaɓar ƙasar, 'yan algus kuma suna cakuɗa ganyen wasu itatuwa da tsohon ganye da aka riga aka dafa aka busar. Sai a 1784 aka sauke harajin zuwa kashi 12.5, talaka ya samu na gaskiya. Kukan lalacewar shayi a Ingila ya girmi ƙullin takarda nesa ba kusa ba.

Wadda ta warware mini zare da abawa wata dattijuwa ce, maƙwabciyar ɗan yayata, ta haura shekara 80. Da ta ji cewa kawun maƙwabcinta yana ta tambaya a kan shayi sai ta aiko a kira ni. Ta fara ɗauraye butar tangaran da ruwan zafi don ta ɗumama, ta zuba ganye cokali ɗaya don ni, ɗaya don ita, ɗaya kuma ta ce na buta ne. Ta tace ruwanta tun kafin ta tafasa, ta zuba shi yana kan tafasa, ta rufe, ta kifa wa butar wata hula ta ulu da ta saƙa da hannunta. Sannan ta zauna. Zaman nan shi ne ya fi burge ni. Ta ce tana ƙarama gwamnati ce ke auna wa kowa shayi, daga 1940 har zuwa 1952, oza biyu a mako, wato giram 57 ko kusa da haka, mahaifiyarta kuma ba ta taɓa zubar da ganye ba sai ya ba da duk abin da ke cikinsa. Ta ce lokacin da kamfanin Tetley ya kawo ƙullin takarda a 1953 mutane sun daɗe suna yi masa kallon raini, sai daga baya ya cinye kasuwa.

Ita madara take fara zubawa kafin shayi, ta ce haka ta taras a gidansu. A ƙasar wannan gardama ce da ba ta ƙarewa, har akwai masu auna asalin mutum da ita. Ni dai abin da na fahimta mai sauƙi ne: idan daga buta za ka tsiyayo, sa madarar lokacin da ka ga dama, amma idan ƙulli ne a cikin kofi, madara ta jira, domin tana sanyaya ruwan kafin ganye ya jiƙu.

Da dare na yaga ƙulli ɗaya a kan farar takarda. Ba ganye na gani ba, tsaki ne da gari, baƙi, kamar dakakken barkono. Wannan shi ne abin da masu kushe shi ke kira shara, har wasu na cewa abin da aka sharo daga daɓen masana'anta ne. Ba haka ba ne, kuma ban ji daɗin wannan magana ba. Da gangan ake yin sa haka. A farkon shekarun 1930 wani Bature mai suna William McKercher ya ƙirƙiro inji a Asam wanda ke murƙushe ganye, ya yayyaga shi, ya dunƙule shi ƙanana, don ya saki launi da ƙarfi nan da nan, ya kuma iya ɗaukar madara ba tare da ya zama salam ba. Abin da aka rasa shi ne ƙamshin nan mai hawa-hawa na cikakken ganye. Abin da aka samu shi ne arha da sauri. Matsalar ita ce launi yana rigan ɗanɗano fitowa. Cikin daƙiƙa talatin ruwa ya yi ja, ido ya ce an gama, alhali garɗin yana nan a cikin ƙulli, sai a matse shi da cokali a fitar da bauri kawai. A jikin kwalin da ke kicin ɗin an rubuta a bar shi ya jiƙa 'yan mintoci, ban ga wanda ya karanta ba.

Na juya kwalin ina neman inda aka nomo shi, sai na ga Kenya. Ashe yawancin abin da ake kira shayin Ingila daga Afirka yake zuwa, daga tsaunukan Kericho da makamantansu, ta kasuwar gwanjon Mombasa, a haɗa shi da na Asam da na Ruwanda ko Malawi. Kenya ce ta fi kowace ƙasa fitar da baƙin shayi a duniya, kuma ƙananan manoma fiye da dubu 500 ne ke tsinkar ganye biyu da toho ɗaya da hannu. Ita Landan kasuwar gwanjonta, wadda ta yi shekara sama da 300, ta rufe tun 1998. Na tambayi mutum biyar ko shida a tafiyar nan ko sun san daga ina shayinsu yake, ɗaya ne ya ambaci Kenya. Wannan ya fi yanar saman kofi damuna. Na taɓa hawa tsaunin Mambila na ga gonar shayi ta Kakara, na ga yadda mata ke yini a tsaye cikin raɓa da kwando a baya, don haka ba na iya ganin an jefa ƙulli a shara bayan daƙiƙa talatin ban tuna da su ba.

Mako na biyu na hau jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan zuwa York a arewacin Ingila, tafiyar kusan awa biyu, na sake wani zuwa Harrogate. Kafin in hau na sayi shayi a wani ɗan shago, aka miƙo mini ruwa mai ɗumi a kofin takarda, ƙullin kuma a gefe, a kan kuɗin da zai sayi kwali guda a kanti. Shi ne mafi muni da na sha a ƙasar, ban kai rabi ba.

Harrogate gari ne mai tsafta da ya yi suna da ruwan maɓuɓɓuga tun ƙarnoni da suka wuce. Nan ne gidan Taylors, kamfanin da aka kafa a 1886, masu Yorkshire Tea, waɗanda har haɗi na musamman suke yi don garuruwa masu ruwan alli. Nan ne kuma Bettys, gidan shayin da wani ɗan Suwizalan, Frederick Belmont, ya buɗe a 1919. Na bi layi cikin yayyafi kusan rabin awa. A ciki aka kawo buta biyu, ɗaya ta shayi ɗaya ta ruwan zafi don sirkawa, da 'yar rariya, da faranti hawa uku na yankakken burodi da kek. Wannan shi ne shayin la'asar da aka ce wata basarakiya, matar Duke na Bedford, ta fara wajen 1840 don yunwar da ke kama ta kafin cin dare. Ya yi daɗi matuƙa. Amma da na waiga, masu yawon buɗe ido ne da masu bikin ranar haihuwa. Ba wannan ne shayin da mutanen ƙasar ke sha a kullum ba, kamar yadda ba kullum muke cin dambun nama ba.

Abin da na je nema a masaukina na same shi. Mai gidan ta tambaye ni me zan ci a shayina, na ce burodi ya isa, sai ta yi dariya ta ce a arewacin Ingila idan an ce shayi da yamma, abincin dare ake nufi. Da na shiga ɗaki na fito da ƙulli ɗaya daga cikin kwalin nan na Landan da na taho da su a aljihu. Butar ɗakin ba ta da ɓawo ko kaɗan. Na tafasa sabon ruwa, na zuba, na kifa faranti a kan kofin, na duba agogo na ba shi minti huɗu, na tsamo ba tare da matsewa ba. Ruwan ya fito ja garau, ba yana, ga ƙamshi kamar na gasasshen hatsi, ga nauyi a harshe. Ƙullin da na raina ranar da na sauka ne, shi ɗin dai. Bai kamo ƙafar na Darjeeling ba, ba kuma don haka aka yi shi ba, amma shayi ne na ƙwarai da zan ba baƙo ba kunya.

Da na dawo Landan na saya wa gidan tulun tace ruwa, na haɗa wa ɗan yayata kofi kafin ya fita aikin dare. Ya kurɓa, ya dubi kofin.

"Kawu, wani ganyen ka sayo?"

"Naka ne. Jira kawai na yi."

Ya ce hutun da ake ba su a wurin aiki ba ya isa a jira shayi, wani lokaci a tsaye yake sha, wani lokaci ya dawo ya tarar ya huce. Ban musa masa ba, don na ga idonsa bayan aikin awa goma sha biyu. Matarsa ce ta ɗauki farantin da na rufe kofin da shi, ta ajiye shi kusa da buta.