Damina ce ke raɗa wa babban aiki suna

Na yi shekaru ina aikin awo a wuraren gina hanyoyi a jihar Maraɗi, kuma da farko na ɗauka yawan kuɗi da girman injuna ne ke sa aiki ya yi suna. Wata hanyar kwalta da muka shimfiɗa ce ta sauya mini tunani. Mun gama ta cikin wa'adi, manya suka zo aka yi bikin buɗewa, amma saboda gaggawa an rage faɗin kwalbatoci biyu, duk da cewa dattawan ƙauyen sun nuna mana inda ruwa ke bi yana gangarawa Gulbi tun zamanin kakanninsu. Da ruwan Agusta ya sauka, sai ya rasa mafita, ya koma cikin gidaje da rumbuna. Har yau ba a maganar kyan kwaltar a wannan ƙauye, ana dai kiranta hanyar da ta ci gero. Mutanen Maraɗi da ambaliyar 1945 ta sa aka tayar da tsohon garinsu daga bakin Gulbi zuwa tudu ba sa wasa da zancen magudanar ruwa, kuma laifinmu ne da muka fifita takardar zane a kan abin da suka gani da idonsu.

Diyya ma haka take. Manomin da aka yanki gonarsa ba ya tambayar biliyan nawa aikin ya ci. Abin da yake riƙewa shi ne ko an biya shi kafin buldoza ta shiga, kuma labarin da ya bayar ranar kasuwa ya fi sanarwar rediyo tafiya.

Manyan ayyukan ƙasa ba su tsira daga wannan awo ba. Layin dogo na Yamai zuwa Doso, mai tsawon kusan kilomita 140, an ƙaddamar da shi a 2016, amma tun da bai zama hanyar jigilar fasinja da kaya ba, yau ana ambatonsa ne a matsayin misalin aikin da bai amfanar ba. Madatsar ruwan Kandaji kuwa, wadda aka aza harsashinta a 2008 da burin samar da wutar lantarki megawat 130, jinkiri ne ya riga wutarta shiga bakin jama'a. Matatar man Damagaram da ta fara aiki a 2011 ba ta buƙaci dogon bayani ba, domin mai babur ya ga man matatar a tankinsa.

Shi ya sa idan ƴan kasuwarmu suka tambaye ni batun layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, nakan lura ba sa tambayar sunan kamfani ko tsawon layi. Tambayarsu ita ce yaushe buhun wake zai hau jirgi, kuma nawa za a biya zuwa Kano.