Asabar ɗin da na rage wa fulam rassa

Gari ya waye garau, babu ko ɗigon hadari, kuma masu hasashen yanayi sun ce kwanakin da ke tafe ma haka za su kasance. Abin da nake ta jira ke nan. Na dakata har raɓa ta bushe, hantsi ya ɗaga, sannan na ɗauko almakashin lambu da ƙaramin zarto da tsani, na haɗa da kwalbar sifirit da tsumma, na nufi gindin fulam, wato itacen 'ya'yan marmari da Turawa ke kira plum.

Ban kai ga hawa tsani ba, dattijon da muke maƙwabtaka da shi ya leƙo ta saman shinge. Ya ce, "Ɗana, a tsakiyar Yuli, itace da ganyensa da 'ya'yansa, za ka sa masa zarto? Ai sai hunturu, in ya zubar da ganye." Na ce, "Baba, tuffa ake yi wa haka. Fulam ba ya so." Ya girgiza kai kawai, sai na tsaya na yi masa bayani, domin wannan magana ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya.

Fulam da danginsa masu ƙwallo a ciki, irin su ceri, suna da wata cuta da ake kira ganyen azurfa. Wani naman gwari ne ke kawo ta, sunansa Chondrostereum purpureum. Yana sakin ƙwayoyinsa cikin iska a lokacin kaka da hunturu, sa'ad da gari ya yi sanyi da laima, kuma ba ya da ƙofar shiga sai sabon rauni. A daidai lokacin ne itace yake barci: ruwan jikinsa ya lafa, ba ya fitar da ƙaron da zai toshe wurin yanka, raunin sai ya zauna a buɗe makonni. Akwai kuma gyambon ɓawo, wanda bakteriyar Pseudomonas syringae ke haddasawa, shi ma sanyi da jiƙa yake so. Amma a lokacin zafi, daga tsakiyar Yuni zuwa Agusta a ƙasashen arewacin duniya, ƙwayoyin sun yi ƙaranci, itacen kuma yana cikin ƙarfinsa, kana yanka yana rufewa. A yankunan da hunturunsu busasshe ne, wasu manoma kan yi aikin a ƙarshen sanyi, dab da toho, kuma yana yi musu kyau. Inda sanyi ke zuwa da ruwa kuwa, ni dai ba zan yarda a taɓa fulam da hunturu ba. Baba ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya koma.

Kafin na yanke komai sai da na zagaya babban itacen a hankali, na tsaya daga nesa, na kuma shiga ƙarƙashinsa na ɗaga kai. Wannan duban ya fi yankan muhimmanci. Irin fulam ɗin da ake kira Victoria ne, kuma an san shi da abu biyu: yawan 'ya'ya har rassa su karye, da saurin kamuwa da ganyen azurfa. Na fara da abin da babu gardama a kansa, wato busassun rassa, da waɗanda iska ta tsaga, da masu alamar ciwo. Daga nan na koma kan waɗanda suka gitta juna suna goge ɓawo. A cikin kowane biyu na bar wanda ya fuskanci waje, na cire wanda ya nufi ciki. Burina tsakiyar itacen ta zama kamar ƙoƙo, a buɗe, rana ta shiga, iska ta ratsa, ganye ya bushe da wuri bayan ruwa.

Wani reshe a ɓangaren gabas ya tayar mini da hankali. Ganyensa ya yi fari-fari yana sheƙi, ba kamar sauran ba. Idan cutar ce, fatar saman ganyen ce ke ɗagowa, iska ta shige ƙarƙashinta, shi ya sa yake ɗaukar launin azurfa. Sai dai ƙishirwa da wahala ma kan sa ganye ya yi hakan. Hanyar rarrabewa ɗaya ce: a yanki reshe mai kaurin aƙalla santimita 2.5, a jiƙa bakin yankan, a duba. In an ga tabo ruwan ƙasa a cikin katakon, ita ce, kuma dole a ci gaba da datsewa har santimita 10 zuwa 15 bayan inda tabon ya ƙare. Na yanka gabana na faɗuwa. Katakon fari tas. Alhamdu lillahi. Ruwa yake so, kuma da yamma na ba shi har ya ƙoshi.

Reshe mai nauyi guda ɗaya kawai na sauke, kuma a hawa uku. Na fara tsaga shi kaɗan daga ƙasa, kamar taki ɗaya daga gangar itacen, sannan na yanke daga sama gaba da nan, ya faɗi ba tare da ya ɓare ɓawon jikin itacen ba. Sai na dawo na cire guntun da ya rage, dab da kumburin nan da ke wuyan reshe, ban shafe shi ba. Daga wannan kumburi ne sabon ɓawo ke tasowa ya rufe rauni. Wanda ya aske shi ya ƙara faɗin ciwo, wanda kuma ya bar dogon kututture ya bar wa ruɓa wurin zama. Ban shafa fenti ba, domin yana riƙe laima a ciki. Ƙananan rassa kuwa, kowanne na datse shi ɗan sama da idon toho mai kallon waje, a karkace, don ruwa ya zurare. Duk sa'ad da zan sauya itace sai na goge almakashi da zarto da sifirit.

A nan ne hannu ke ƙaiƙayi, kana ganin wuri ya fara kyau sai ka ji kamar ka ci gaba. Amma fulam yana haihuwa ne a gindin rassan bara da kuma ƙananan tsirgun da ke jikin tsofaffin rassa, saboda haka duk abin da ka sare fiye da kima 'ya'yan baɗi ne ka zubar. Ga shi kuma idan aka yi masa sara mai yawa, sai ya mayar da martani da dogayen tsiro miƙaƙƙu masu kallon sama, ganye kawai babu ɗa. Ban kai kashi ɗaya cikin huɗu na rassansa ba na sauko daga tsani.

Tohon da ke fitowa daga gindi na tone ƙasa na fizge su daga saiwa. Itacen na aure ne, waɗannan kuma na gindin da aka ɗora shi a kai ne, ƙarfinsa kawai suke sha. In aka yanke su a saman ƙasa, ninkuwa suke yi. Na kuma rage 'ya'yan, na bar tazarar santimita 5 zuwa 8 tsakaninsu. Zubar da ɗanyen fulam ba ya yi mini daɗi ko kaɗan, amma reshen da ya karye saboda nauyi ƙofa ce ga cutar da nake gudu.

Ɗan dashen da ke kusa da shinge ban taɓa shi ba. Nasa lokacin sai farkon bazara, in toho ya buɗe, sannan zan zaɓi rassa uku ko huɗu masu tazara da za su zama ƙashin bayansa.

Kafin magariba na kwashe duk abin da na yanke na fitar daga lambun, domin naman gwarin nan a jikin mataccen katako yake hayayyafa. Akwai reshe ɗaya da har yanzu ya sunkuya da kaya duk da ragin da na yi masa. Gobe in Allah ya kai mu zan nemo gwafa in tokare shi.