Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ciwon da Ya Same Ni Cikin Takaba

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda aka kawo gawar mijina, Baban Ummi, daga hanyar Kaduna, na koma gidanmu na shiga takaba. Yau zan ba ku labarin ciwon da ya same ni a wata huɗu da kwana goman nan, wanda har gobe wasu a danginmu ke rantsuwa bugun iskokai ne.

Da magariba yake tasowa, daidai lokacin da marigayi ya saba shigowa. Ƙirjina ya ɗaure, in ji numfashi ba ya isa ta, in shiga haki ba ƙaƙƙautawa. Can sai leɓɓana su yi zirr, jiri ya ɗebe ni. Hannayena ne suka fi tayar wa Inna hankali. Yatsun su sandare su haɗe wuri guda, babban yatsa ya shige tafin hannu, wuyan hannun ya lanƙwashe, ko ta ja ba sa buɗuwa. Gwaggo na gani ta ce, "Hajiya, wannan ba na asibiti ba ne." Aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Addu'ar kam tana sanyaya min zuciya, amma hayaƙin turare a rufaffen ɗaki ƙara shaƙe ni yake.

Yayana ne ya nace aka kai ni asibiti. Likitar mace ce. Ta maƙala min wani ɗan abu a yatsa, ya nuna iskar oksijin da ke jinina a cike take, alhali ina rantsuwa mutuwa zan yi don rashin iska. Duk da haka ba ta yi garaje ba. Ta saurari huhuna, aka yi gwajin zuciya da na suga, domin a cewarta asma, ciwon zuciya, gudan jini a huhu da suga idan ya yi tsanani duk suna sa haki, sai an kore su kafin a ce firgici ne.

Da sakamako ya fito ta ce, "Malama, numfashin ne ya yi miki yawa." Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan tsoro ya sa ya zarce, sai ya fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, ashe jini na buƙatar kasonsa na wannan iskar. Da ta ragu sai hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, jiri kenan. Sinadarin kalsiyam da jijiyoyi ke aiki da shi ya yi ƙasa, yatsu su ƙanƙame. Mutum ya ga hannunsa haka ya ƙara firgita, ya ƙara haki.

Ta ɗora hannuna a cikina, ta ce in ja iska ta hanci sannu har in ji cikin ya taso, sannan in tsuke baki in saki a hankali kamar mai hura kunu mai zafi. Muna cikin yi yatsuna suka fara sakewa a gaban Inna. Yaya ya ce ya ji ana sa wa mutum jakar takarda a baki. Ta hana, ta ce idan asma ce ko zuciya, jakar na iya hallaka mutum.

Sannan ta tambaye ni me nake tunani da magariba. Tun rasuwar kowa haƙuri yake ba ni, ba wanda ya taɓa tambaya ta wannan. Na yi kuka sosai, ta bar ni na yi. Ta rubuta min takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa don a duba damuwar da ke tayar da ciwon.

Takardar nan ce ta haɗa Inna da Yaya rigima tun a mota, tana cewa 'yarta ba mahaukaciya ba ce, kuma mai takaba ba ta yawon asibiti. Yadda aka ƙare, da abin da dangin marigayi suka ce da labari ya je musu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.